Babu Kowa a Ciki

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo wai na bar ku a tsakiyar titi da mota tana jiniya, ku yi haƙuri, ni ma hannuna ne ya ƙi rubuta wannan shafin. Mai hawan jini ya sha maganinsa tukuna. Na faɗa, ba ruwana.

*

Motar kashe gobara ta tsaya cak a bakin gota, babban lambatun unguwa, don daga nan ba ta da wurin bi. Wanda ya san unguwarmu Maamobi ya san lungunanmu, mutum biyu in suka haɗu sai ɗaya ya karkace. Hayaƙi kuwa ga shi can ya turnuƙe a bayan masallaci, baƙi ƙirin, da rana tsaka.

Mutawakil ne ya fara dirowa. Tun a hanya ya san inda za su, domin wanda ya kira ofishinsu cewa ya yi wutar tana bayan koren masallaci, gidan mai waakye, wato shinkafa da wake. Mai waakye ɗaya ce a bayan wannan masallacin, Mma Memunatu, kuma ita ta haife shi.

Ofisa Tetteh, shugaban tawagarsu, ya daka tsawa a fara jona mesa. Suka shiga lungu da gudu suna ja suna jonawa, suna tsallake turmi da benci da igiyar shanya. Jama'a kuwa, maimakon a ba su hanya, sai aka bi su da baki.

"Sai yanzu? Kun gama cin fufu ko?"

"Chale, 'yan'uwa, ku tambaye su ko sun zo da ruwa ma!"

Haka muke. In ba su zo ba mu zage su, in sun zo mu tare musu hanya muna ɗaukar hoto. Babu wanda ya tuna cewa famfon da aka tanada don irin wannan rana ya daɗe a ƙarƙashin simintin shagon wani. Ruwan da ke cikin tankin motar nan shi ke nan abin da suke da shi, mota ta biyu kuma tana can cunkoso ya riƙe ta a shataletalen Circle.

Ɗakunan gaba na gidan sun riga sun tafi. Tukunyar gas ta wata 'yar haya ce ta fashe, wutar ta bi silin tana cin hanyarta zuwa ciki. Mutawakil ya tsaya yana kallon ƙofar da ya yi rarrafe a bakinta tana aman wuta. Tetteh ya bugi hular kwanonsa ta baya.

"Gidanku ne, na sani," ya ce da Turanci. "Je ka tambayo mini. Akwai mutum a ciki ko babu?"

Ita ce tambayar farko a aikinsu, kuma amsarta ce ke nuna inda ruwa zai tafi. In akwai rai a ciki, duk ɗigon da ke tankin a kan hanyar wannan ran za a zuba shi. In babu, gidan da ya kama ya kama, sai a tare na kusa da shi.

Ya tarar da Mma a zaune a ƙasa dirshan, ɗankwalinta ya zame, matan unguwa sun kewaye ta suna mata fifita. Ya durƙusa a gabanta.

"Mma."

Ta ɗago. Idanunta jawur, amma babu hawaye.

"Mma, akwai mutum a ciki?"

Ta dubi Asana maƙwabciyarta, ta dubi matar liman, ta dubi samarin da suka hau katanga da wayoyi a hannu.

"Ina yayanka Sayibu?" ta ce.

"Mma, bar zancen Bra Sayibu. Akwai mutum?"

Asana ta karɓe. "Duka mun fito, Muta. Yara suna sukul. Ni na kirga mutanen haya da kaina, kowa ya fito."

"Mma, ke nake tambaya."

Ta ce, "Babu kowa."

"Kin tabbata?"

"Na ce maka babu kowa a ciki."

Ya miƙe da gudu ya kai wa Tetteh. Tetteh bai ƙara tambaya ba, me zai sa uwa ta yi wa ɗanta ƙarya a rana irin ta yau? Ya nuna gidan da ke manne da nasu, na Alhaji Lauwali, mutumin Nijar mai sayar da katifu. Saman gidan katako ne, ƙasan kuma katifu ne jibge har rufi. In ya kama, lungun nan gaba ɗaya sai dai labari, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

"Ruwa a kan wancan bangon. Ɗan kaɗan-kaɗan, kar ka yi ɓarna."

Mutawakil ya karɓi bakin mesar da hannunsa. Ya juya wa gidan uwarsa baya, ya sakar wa gidan Alhaji ruwa.

Wallahi ban san me ya fi wannan ciwo ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma ba a faɗa mana yadda mutum zai ji ba in nasa ne ke ci yana shafa wa na wani. Zafin wutar na dukan bayansa, zagin unguwa na dukan kunnensa.

"Kai Muta, ka haukace ne? Gidan uwarka na ci kana wanke bangon Alhaji!"

"An saye shi, chale! Mai kuɗi ne ai!"

Wasu samari biyu suka kama mesar ta tsakiya suna ja, kowa na so ya karkata ta wajen ɗakinsa. Sai da Jibirilu, abokin aikinsa, ya ture su da kafaɗa. Mutawakil bai waiwaya ba. Hawayensa da zufarsa suka haɗu suna gangara cikin kwalar riga. Yana faɗa wa ransa cewa kaya ne, kwanuka ne da akwatuna da hotunan Baaba, Allah zai mayar.

Bangon Alhaji ya daina hayaƙi. Tetteh ya ɗaga masa babban yatsa.

A daidai nan Sayibu ya faɗo lungun, yayan Mutawakil, da takalmi ƙafa ɗaya. Daga kasuwar Tudu yake, ya je sarin kaya tun safe. Bai kalli wutar ba, kai tsaye wurin Mma ya nufa yana haki.

"Mma, ina shi?"

Ta miƙe zumbur. "Ba kai ka fitar da shi ba?"

"Ni? Ina Tudu fa!"

"Na kira ka, ka ce kar in damu!"

"Na ce kar ki damu ina zuwa! Makulli na wurinki, Mma!"

Hannunta ya tafi gefen zaninta. Ta taɓa ƙullin da ke wurin, sai ta zube ƙasa.

Mutawakil ya ji su. Ba duka ba, amma ya ji kalmar makulli, kuma ya san muryar yayansa, bai taɓa jin ta haka ba ko ranar da aka binne Baaba. Ya miƙa wa Jibirilu mesar ya tako.

"Wane ne shi?"

Sayibu ya kau da kai.

"Bra Sayibu, wa ake magana? Makullin ina?"

Sayibu ya ɗora hannu biyu a ka. Mma ta kamo hannun rigar Mutawakil ta jawo shi ƙasa kusa da bakinta.

"Abukari," ta ce da raɗa.

"Wane Abukari?"

"Ƙaninka."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗin ji. "Abukari na Italiya, Mma."

"Bai kai ba."

"Me?"

"Bai kai ba, Muta. A Libiya aka kama shi. Sun riƙe shi, sun yi mishi abin da suka yi. Da aka dawo da shi ba shi ba ne, kansa ya taɓu. Yana ɗakin baya."

"Ɗakin baya na kayan waakye? Wanda kika sa wa kwaɗo?"

Ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

Sayibu ne ya amsa, kansa a ƙasa. "Tun azumin bara."

Mutawakil ya zare hannunta daga rigarsa a hankali. Tun azumin bara. Sau nawa ya zo gidan nan ya zauna a tsakar gida ya ci abinci, bayansa jingine da bangon ɗakin? Sau nawa ya tambayi lambar Abukari, ta ce wayarsa ta faɗa ruwa, ta ce aiki ya yi masa yawa, ta ce yana gaishe ka? Unguwa kaf Mman borga ake kiran ta, uwar mai ƙasar waje, tana amsawa tana murmushi.

"Na tambaye ki," ya ce. Muryarsa ta fara hawa. "Mma, na durƙusa a gabanki na tambaye ki!"

"Rage murya, Muta."

"Sau nawa na tambaye ki!"

"Don Allah rage murya, mutane..."

"Mutane? Ɗanki na cikin wuta kina maganar mutane?"

Ai kuwa mutanen sun ji. Asana ta dafe ƙirji. "Abukari? Abukari borga? Yana cikin gidan nan muna kwana muna tashi?" Maganar ta bi lungu kamar an watsa wa kaji tsaba, wannan na faɗa wa wancan, masu waya suka juyo da su kan Mma.

Sai a lokacin kukan ya zo mata.

"Na ɗauka Sayibu ya bi ta ƙofar baya ya fitar da shi. Ta nan yake fitar da shi wanka. Na ce a raina ai ya fitar da shi, ai dole ya fitar da shi. Ka tambaye ni gaban matar liman, gaban kowa. In ce me? In ce ɗana mahaukaci ne na kulle shi? Wa zai auri ƙannenka mata? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Muta. Asirinmu nake rufawa."

"Ni ma mutumin waje ne? Ni ma ba za a faɗa mini ba?"

"Kai da kaki kake zuwa," in ji Sayibu. "In ya hango kaki ta kafar ƙofa sai ya fara ihu yana buga kai da bango. Duk ranar da ka zo, magani muke ba shi ya yi barci."

Ni dai ban san wa zan tsine wa ba a nan. Ina jin haushin Mma har wuya, kuma ina tausayinta, don na san bakin unguwarmu. Mun iya kai wa mai jego ruwan zafi, mun iya haɗa kuɗin likkafani, amma mai taɓin hankali sai dai mu nuna gidansu da leɓe har jikoki.

Mutawakil ya juya a guje yana ihu.

"Sah! Sah! Akwai mutum! Ɗakin baya! Juyo da ruwa!"

Jibirilu ya juyo da bakin mesar kan gidan. Ruwan ya fita da ƙarfi sau ɗaya, ya yi tari, ya koma tsiyaya. Mesar da ta cika tam ɗazu ta kwanta a ƙasa laƙwas.

Daga bakin gota direba ya ƙwalo da yaren Twi, "Nsuo no asa!"

Ruwa ya ƙare.

Tetteh ya fizgo rediyonsa yana tambayar ina mota ta biyu. Aka ce masa tana nan tafe, trotro, motar haya, ce ta mutu a gabanta, ana tura ta. Ya dubi Mutawakil, ya dubi Mma da ke birgima a ƙasa, bai zagi kowa ba. Da ya yi zagin ma da ya fi sauƙi.

Mutanen da ke zagi ɗazu su ne suka bazama neman ruwa. Amma ina ruwan? Famfon unguwar ya kwana biyu bai kawo ba. Aka fito da jarkoki, rabi duk babu komai. Ladan ya kwaso butocin masallaci. Wata mai talla ta sauke bahon piya wata tana fasa ledojin da haƙori tana juyewa a bokiti. Ana watsawa wutar na shanyewa, ko gezau ba ta yi ba.

Mutawakil ya saɓa tukunyar iska a bayansa yana ɗaure maɗauri.

Tetteh ya sha gabansa. "Ba ka shiga in babu ruwa. Ka san doka."

"Ƙanina ne, sah."

"Na sani. Shi ya sa ba kai ba. Mai shiga don ɗan'uwansa ba ya jin kira."

"To wa zai shiga? Jibirilu bai san gidan ba. Ni a duhu ma na san shi. Ta gidan Alhaji zan bi, bangon a jiƙe yake, ƙofar bayanmu na nan kusa."

"Tukunyar nan ba a cika ta ba tun gobarar kasuwa. Ba ta kai rabi ba."

"Sah, ni na ce maka babu kowa. Da bakina. Ni na zubar da ruwan da hannuna."

Tetteh ya ciro igiya daga ƙugunsa, ya ɗaura wa Mutawakil da kansa, ya naɗe ɗaya bakin a hannunsa.

"In tukunyar ta fara busa usur, iskarka ta kusa ƙarewa ke nan. Zan ja. Da shi ko ba shi, zan ja ka."

Mma ta rarrafo tana ƙoƙarin kwance ƙullin zaninta ta ba shi makulli. Yatsunta sun ƙi. Ta sa haƙori, ya ƙi. Mutawakil ya kalle ta sau ɗaya, ya ɗauki almakashin yanka ƙarfe daga hannun Jibirilu, ya rufe fuskarsa da takunkumi ya wuce.

Alhaji Lauwali da kansa ya buɗe masa ƙofa yana ta salati. Ya ratsa tsakanin katifu, ya haura gajeriyar katanga, ya dira a bayan gidansu. Ƙofar baya ya doka da ƙafa, hayaƙi ya fito ya rungume shi.

Ya kwanta ya fara jan ciki. Ba ya ganin ko tafin hannunsa. Yana jin kwanon rufi na ƙara a samansa, yana jin numfashinsa a cikin takunkumi, yana lalube da hannu. Ga randar Mma. Ga matakalar siminti da ta fasa masa goshi yana yaro. Ga ƙofar.

Kwaɗon ya yi zafi har ta cikin safar hannu. Ya sa almakashi ya matsa, ya zame. Ya sake matsawa da duk ƙarfinsa yana kiran sunan Allah, ƙarfen ya karye.

Ɗakin ya fi waje duhu, don an toshe tagar da katako. Ya kunna tocila. Hayaƙi ya cika sama, amma ƙasa da saura. Katifa a ƙasa babu kowa a kai, kwanon abinci a rufe, sai tsohon gadon ƙarfen Baaba da aka ajiye a kusurwa.

A ƙarƙashin gadon ya ga ƙafafu.

"Abukari!"

Muryar ta fito ta cikin takunkumi kamar ba ta mutum ba. Ƙafafun suka janye ciki. Ya haska, sai ga fuska. Yaron da ya raka tashar mota da jaka sabuwa, mai kumatu, mai dariya har da faɗuwa, yanzu ƙashi ne da gemu da idanu. Idanun suka sauka a kan hular kwano da baƙin takunkumi da kaki.

Abukari ya ƙwalla ƙara. Ya rufe kansa da hannu biyu yana roƙo da Larabcin da Mutawakil bai taɓa sanin ya iya ba. Mutawakil ya kamo ƙafarsa ya ja, ya yi harbi ya ƙanƙame ƙafar gadon. Ƙarfin da ke jikin ramammen nan ban san daga ina ya zo ba.

Sai usur ya fara busawa a bayansa.

Igiyar ta motsa a ƙugunsa.

Duk ɗan kwana-kwana ya san ba a cire takunkumi a cikin hayaƙi, ranar farko ake koya musu. Mutawakil ya tura hular baya, ya fizge takunkumin, ya juya tocilar kan fuskarsa. Hayaƙin ya shige masa maƙogwaro kamar barkono.

"Abu... ni ne. Duba ni. Bra Muta ne."

Ihun ya tsaya. Abukari ya leƙo ta tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana kallo.

"Bra Muta?"

"Ni ne."

"Kana zuwa kana cin abinci a waje. Ina jin muryarka kafin barci ya ɗauke ni."

Tari ya sarƙe Mutawakil, da kuka a cikinsa. "Na zo yanzu. Taso mu fita, wuta ce. Ba ni hannu."

Hannun ya fara sakin ƙafar gadon. Yatsa ɗaya, biyu. Ya miƙo shi har ya taɓa safar Mutawakil, sai ya tsaya.

"Akwai mutane a waje?"

"Akwai! Kar ka ji tsoro, ba kai kaɗai ba ne. Duk Maamobi na waje, kai suke jira!"

Hannun ya koma.

Abukari ya ƙara matsawa cikin kusurwa, ya rungume ƙarfen da hannu biyu. Wani abu ya rufto a tsakar gida, jan haske ya shigo ta ƙofa. Igiyar ta ja da ƙarfi har ta ja Mutawakil baya a kan siminti, ya kama bakin gadon.

"Abu, don girman Allah!"

Abukari ya girgiza kai a hankali, kamar yaron da aka bar wa tsaron gida.

"Mma ta ce kar in fito. Ta ce mutane za su gan ni."